Waƙar da Ta Shiga Memorin Gari

Ranar kasuwar Makarfi ce, shagon Zayyad ya cika har bakin ƙofa, janareta na ta ƙugi a waje. Sana'arsa caji da turi: ka miƙo waya ko memori, ya zuba maka fina-finai, waƙoƙi ko wa'azi daga kwamfutarsa. A cikin wannan cinkoson wata budurwa mai hijabi ruwan toka ta miƙo waya, ta ce ita ba fim ya kawo ta ba. Bidiyon koyon yankan riga take nema, irin na YouTube, don data ba ta isarta ta kalla ta maimaita.

Zayyad ya ɗago kai, kuma gaskiya ya daɗe bai mayar da shi kan kwamfutar ba.

"Yanzu babu," ya ce, "amma kasuwa mai zuwa za ki samu, in sha Allahu."

"Haka duk masu turi kuke cewa."

"Ni daban ne. Wane suna zan sa a kan ajiyar?"

Ta ce, "Khairiyya. Daga Dandamisa."

Da kasuwa ta zagayo ta tarar ya tara mata bidiyon fiye da abin da wayarta za ta ɗauka. Ya tura mata ta Xender, manhajar da ke turi ba data, yana ta jan lokaci wai haɗin ne ke yankewa. Ƙarya yake yi, ita ma ta sani, amma ba ta tashi ba. Kafin ta tafi lambarta ta shiga wayarsa.

Daga nan WhatsApp ya zama zaurensu.

"Telata, kin isa gida lafiya?"

"Lafiya lau, Mai Turi. Ka ci abinci ko kana nan kana cin ƙurar kasuwa?"

"Tun da na gan ki na ƙoshi."

"To Allah Ya sa kada ka faɗi a shago, a ce ni na kashe ka."

Matsalar ita ce mahaifinta, Malam Gambo mai mazarƙwaila. Dattijo ne mai kame kai, wanda a duk Dandamisa ba a taɓa jin an ɗaga murya a gidansa ba. Da manyan Zayyad suka je neman izini, ya karɓe su da mutunci, ya ba su ruwa, ya sallame su da a'a. Ya ce ba zai ba da 'yarsa ga mai cika wa yara waya da raye-raye ba. Shi hankalinsa ya fi kwanciya da Shamsuddeen, ɗan amininsa, ma'aikaci a Ikara, mai guga a riga da magana a tsare. Bai tilasta mata ba, amma bai sassauta wa Zayyad ba.

Khairiyya kuwa tana da wata ɗabi'a da 'yan gidansu kaɗai suka sani. In tana kan keken ɗinki takan ƙirƙiri waƙa, ta rera a hankali, ta manta da ita. Ranar da aka dawo da manyan Zayyad, baƙin ciki da tsokana suka haɗu mata, ta danna wayarta ta rera wa Zayyad a saƙon murya:

"Ni Khairiyya ta Malam Gambo,
Mai mazarƙwaila a Dandamisa.
Baba ya ce a'a, ya ƙara a'a,
Ni ko Zayyadu na ce wa e.
Baba dafa rake, cika tukunya,
Zaƙin Zayyadu ya fi naka."

Ta bi shi da rubutu: "Kai kaɗai na yi wa. In ka ji ka goge."

"Na goge, Telata," ya amsa.

Bai goge ba. Wa zai iya? Ya ji ta ya sake ji har ya haddace. Ya ma ɗauki tasa muryar yana ƙoƙarin rera mata amsa, amma da ya saurari abin da ya fito sai kunya ta hana shi turawa. Zayyad yana da kirki, amma murya dai Allah bai ba shi ba.

Bayan 'yan kwanaki wayarsa ta cika, ta fara ƙin karɓar saƙo. Da safiyar wata ranar kasuwa ya jona ta da kwamfuta don ya kwashe kayan ciki. Mutane sun fara taruwa, ana miƙo masa memori ta kan kafaɗa, sai ya jefa muryoyin biyu cikin foldar da ke buɗe a gabansa, da nufin ya canza musu wuri in ya samu sarari. Foldar nan kuwa ita ce ta sababbin waƙoƙi. Duk wanda ya san turi ya san yadda ake yi ranar kasuwa: manomi ya miƙo memorin rediyonsa ya ce a zuba masa sababbi, mai turi ya ja foldar gaba ɗaya ya zuba, ba mai tsayawa duba abin da ke ciki. Haka Zayyad ya wuni yana raba amanar Khairiyya da hannunsa, yana karɓar godiya.

Mako bai cika ba waƙar ta bar hannun kowa. Samari suka riƙa tura wa juna ta Xender a bakin masallaci da wurin mai shayi. 'Yan acaɓa suka sa ta a lasifika daga Makarfi zuwa Kudan. Wasu samarin Kudan suka ɗora ta a TikTok, suna rawa da karan rake, ɗaya ya liƙa gemun auduga wai shi ne Baba.

Malam Gambo a wurin aikinsa ya ji ta. Yana tsaye kan tukunya yana juya ruwan rake, rediyon ɗaya daga cikin ma'aikatansa ya gama wata waƙa ya shiga ta gaba, sai ga muryar 'yarsa tana kiran sunansa. Mai rediyon ya zabura zai kashe, Malam ya ɗaga masa hannu ya ce ya bari. Ya ci gaba da juyi har ta kai ƙarshe. Da ya koma gida bai daki kowa ba, bai yi faɗa ba, ya dai dubi Khairiyya ya ce, "Na ji saƙonki." Wallahi da duka ya yi mata da ya fi mata sauƙi.

Mutane kuma ba su da tausayi in sun samu abin dariya. In Malam Gambo ya kai mazarƙwaila kasuwa, sai mai saye ya ɗanɗana ya ce, "Malam, wannan ta kai zaƙin Zayyadu kuwa?" Dattijon da bai taɓa zama abin nuni ba ya daina zuwa kasuwa, ya daina zama a majalisa bayan la'asar. Mata suka riƙa kawo wa Khairiyya ɗinkin da ba sa buƙata don kawai su ga mai waƙar.

Shamsuddeen ya ɗauki waƙar ya jefa a gurup ɗin dangin gidajen biyu, ya rubuta a ƙasa: "Don Allah manya a duba wannan tarbiyya. Ni dai na janye." Bai tsaya nan ba. Ya bi mutane yana cewa ai da gangan mai turin ya yaɗa ta, don ya ɓata yarinyar kowa ya gudu, a rasa mai ɗauka sai shi. Maganar ta zauna daram, domin ta yi kama da gaskiya.

Ta isa kunnen Khairiyya. Saƙon da ta tura wa Zayyad gajere ne.

"Ka ce ka goge."

"Na yi miki ƙarya, ban goge ba. Amma wallahi ban yaɗa da gangan ba, kuskure ne. Ki bari in yi miki bayani, Telata."

"Kada ka ƙara kira na da wannan sunan. Ka samu abin da kake so, kowa ya gudu. Ni ma na gudu."

Ta toshe lambarsa. Keken ɗinkinta ya ci gaba da aiki, amma ba a ƙara jin waƙa a ɗakin ba.

Zayyad ya rufe shago ya hau babur. Ya bi gonakin rake da na tumatir yana roƙon mutane su ba shi memorinsu ya goge. Wasu suka ba shi, wasu suka ce ai ita ce ta fi daɗi a ciki. Ya bi masu turi na Kudan shago shago. A Ikara ya je wurin Elias, abokinsa mai gyaran waya, ya tambaye shi ko akwai hanyar da za a janye ta daga intanet baki ɗaya. Elias ya ajiye abin da yake gyarawa ya ce masa ya daina ƙona mai a banza. Ko ya sa an sauke ta a wuri ɗaya, tana cikin wayoyin da bai san masu su ba, har Zariya da Kano. Abin da ya rage masa kawai shi ne mutanen da ya ɓata wa.

Washegari Zayyad ya je wurin dafa mazarƙwaila. Ya durƙusa a gaban Malam Gambo, ma'aikata na kallo, ya faɗi yadda abin ya faru tun daga ƙaryar da ya yi wa Khairiyya. Malam bai dube shi ba.

"Yanzu ka goge ta?"

"Ba ta goguwa, Baba. Na yi iya yina. Za a ci gaba da jin ta, wataƙila har mu tsufa."

Malam Gambo ya daɗe yana juya tukunya. "Da ka ce min ka goge, da na sa an fitar min da kai," ya ce. "Tashi ka tafi. Ni ban yafe ba tukuna."

Wadda ta warware ƙullin ita ce Goggo Hajo, yayar Malam Gambo, tsohuwa mai ɗan rediyo da ba ya rabuwa da ita. Ita ma an cika mata memori a shagon Zayyad a waccan ranar kasuwar, kuma ba ta san yadda ake goge komai ba. Wata rana da hantsi ta shiga ɗakin Khairiyya ta zauna a bakin gado.

"'Yar nan, taki kowa ya ji. Akwai wadda ke bin ta a baya, ita ba wanda ya tura wa wani, don ba ta turuwa. Saurara."

Ta danna. Wata murya ta fito, a shaƙe, tana hawa inda ya kamata ta sauka:

"Telata, Telata, ki yi haƙuri da Baba,
Zan jira, ko zan tsufa a shago..."

Sai tari, sai muryar Zayyad yana cewa shi kaɗai, "Kai, wannan ba za ta turu ba, sai ta raina ni."

"Ki gaya min," in ji Goggo Hajo, "wane namiji ne zai raba wa gari wannan kukan jakin da gangan?"

Khairiyya ta fara dariya, dariyar ta juye kuka, ta kifa kai a cinyar goggonta ta yi mai isarta. Ta yarda ba da gangan ya yi ba. Amma yardar ba ta mayar da Baba kasuwa ba, ba ta kuma goge ƙaryar da ya yi mata ba.

Da rake ya kusa ƙarewa a gonaki, Malam Gambo ya kira Khairiyya. Ya ce Zayyad ya yi wauta, amma ya zo da ƙafarsa ya faɗi gaskiyar da ba ta yi masa daɗi ba, Shamsuddeen da shi ya zaɓa mata kuwa a waya ya tozarta su. Ya ce zaɓi nata ne. Ta durƙusa ta nemi gafararsa kan baitin ƙarshe. Ya ce ya yafe, amma ya kau da kai da ya faɗa, kuma ta gani.

Ranar ta buɗe lambar Zayyad.

"Ka turo manyanka."

"Alhamdu lillahi! Telata, ki faɗa min da muryarki, ko kalma ɗaya ce."

"A'a. Rubutu ya ishe ka."

Aka ɗaura aure a Dandamisa bayan sallar Juma'a. Malam Gambo ya hana kiɗa da lasifika, kowa kuma ya san dalili. Duk da haka, da motar amarya ta ratsa tasha, wani ɗan acaɓa ya saki waƙar, wasu suka yi shewa. Khairiyya ta ƙara jan mayafi ta rufe fuska, Goggo Hajo ta riƙe hannunta gam har Makarfi.

Da yamma, bayan 'yan rakiya sun koma tsakar gida, Zayyad ya shigo ya zauna nesa kaɗan. Ta miƙa masa hannu ta ce ya ba ta wayarsa. Ta kashe ta, ta kashe tata, ta buɗe wata kwalla cikin kayan jerenta ta sa su ta rufe.

"Waccan waƙar ta zama ta gari, na bar musu," ta ce. "Ta ci min mutuncin Baba, ba na son in ƙara jin ta a gidan nan."

"Ba za ki ji ba. Amma za ki yi min wata, Telata? Ni kaɗai, ba waya?"

Ta dube shi, idonta ya ciko. Tana son sa, wannan ba ta taɓa shakka ba. Ta buɗe baki kamar za ta fara, sai ta fasa.

"Ba yau ba, Mai Turi."

"Zan jira," ya ce.

Daga tsakar gida Goggo Hajo ta ɗaga murya tana sallama da su: Allah Ya ba da zaman lafiya, Ya kawo zuri'a mai albarka, Ya rufa asirin gidan nan fiye da yadda aka rufa na baya. Zayyad ya amsa da amin da ƙarfi. Khairiyya ma ta amsa, amma a hankali, yadda shi kaɗai zai ji.