Sai Ƙwarya Ta Cika

Can a wani zamani, an yi wata mata mai kiwon salwa. Manyan ƙwai takan tara a ƙwarya, ƙananan ta miƙa wa ƙanwarta ta kan danga.

Ƙanwar ba ta ajiya, nan da nan take sa wa kaza ta kwanta musu. Ta ce, "Yaya, ƙwai ba ya son daɗewa."

"Sai ƙwarya ta cika," in ji yayar, ta lumshe ido tana hango 'yan salwa sun rufe tsakar gida.

Mako ya wuce. "Sai ƙwarya ta cika."

Wata ya zagayo, ƙwarya ta cika. Kaza ta yi kwanci, uku kacal suka ƙyanƙyashe, sauran duk baragurbi.

Ta tsaya jikin danga da 'yan ukunta a tafin hannu, tana kallon mafarkinta yana yawo a gidan ƙanwarta.