Fasfo Uku a Gidan Masta Ilyas

Ranar Laraba da safe Sufeto Irshad Gondal ya shigo ofis ya tarar da takardar ƙara a kan teburinsa, da wata mata tsugune a bayan kanta, idanunta sun kumbura.

Kofur Boota ya yi masa bayani a tsaye. Jiya da rana an fasa taga a wani gida a unguwar Samanabad, an ɗauke jaka mai fasfo uku. Mai ƙarar, Taimur Rana, ya ce mai aikinsu Kausar ce ta haɗa baki da ɓarayi, shi ya sa aka kawo ta ta kwana.

"Kun sami wani abu a wurinta?"

"Babu, Sahib. Amma ba mu matsa mata sosai ba tukuna."

"To kada ku matsa. A ba ta shayi."

Gidan tsohon bene ne mai hawa biyu, irin waɗanda suka rage a wannan gefen na Lahore. Taimur ne ya buɗe ƙofa, matashi mai gilashi, waya a kunne. Matarsa Mehwish tana falo tana kai da kawo. A kan tabarma wani dattijo yana ba 'yar shekara biyu ayaba da cokali. Shi ne Masta Ilyas, mahaifin Taimur, tela ne da ya ajiye keken ɗinki bayan rasuwar matarsa. Yarinyar sunanta Zimal.

Mehwish ce ta fi magana. Ranar Asabar jirginsu zai tashi zuwa Malesiya, hutun kwana goma a bakin teku. Wata uku tana shirin tafiyar nan. Ta ja sufeto zuwa firji ta nuna masa takardar da ta manna, rubutu gaba da baya. Ta zaɓi jirgin da zai tashi daidai lokacin barcin Zimal. Ta zaɓi otal mai wurin wankan yara da ruwansa bai wuce gwiwa ba, da ɗaki a ƙasa don kada a yi ta ɗaukar keken yarinya a matakala. Fita ɗaya a rana, ba yawon gani da ido. Maganin zazzaɓi, man kare fata daga rana, madara, da 'yar tsanar da Zimal ba ta barci sai da ita.

"Shekara uku ban huta ba, Sufeto Sahib. Abin da na nema ke nan, in zauna in kalli ruwa."

Ita da Taimur suna wurin aiki jiya har ƙarfe biyar. Masta Ilyas ya ce shi kuma ya fita da Zimal lambun unguwa bayan azahar, kamar kullum, sai da la'asar ya dawo ya ga ɓarnar. Yana maganar bai ɗago ba. Babban yatsansa na dama a naɗe yake da tsumma. Ya ce butar shayi ce ta ƙona shi.

Sufeto ya hau ɗakin ma'auratan. A durowa ta sama ake ajiye jakar, an jawo durowar an bar ta a buɗe. A kan madubi akwai awarwaro huɗu na zinare, ba wanda ya taɓa su. Ya leƙa ta tagar da aka fasa. A ɗakin ba ko tsinken gilashi, duk ya zube waje, cikin tukwanen furanni.

Ya juya ya ƙirga akwatunan da ke jere a jikin bango. Shida.

Ya ce a buɗe, ko an ɗauki wani abin da ba su lura ba. Mehwish ta ce ta duba, babu. Ya ce a dai buɗe.

Na farko kayan bakin ruwa ne, 'yan huluna da bokitin wasa da yashi. Na biyu da na uku rigunan sanyi ne masu kauri, sababbi fil, da safar hannu, da takalman shiga ƙanƙara. Ya ɗaga wata 'yar riga ja ya duba takardar wuyanta. Ta 'yar shekara huɗu ce.

"Malesiya sanyi ake yi yanzu?"

"Jirgi akwai sanyi," in ji Mehwish. "Otal ma haka."

"Kuma kafin kwana goma yarinyar za ta kai shekara huɗu?"

Taimur ya sa baki da sauri, ya ce rahusa suka samu suka saya, kuma shi bai ga abin da ya haɗa kayan 'yarsa da satar ba. A matsa wa Kausar kawai. Sufeto ya tambaye shi ofishin da suka sayi tikiti. Ya faɗa masa ba da son ransa ba.

Da ya koma ofis ya sa aka shigo da Kausar. Mace ce mai kimanin shekara arba'in da biyar, shekararta huɗu a gidan. Ta rantse ba ta taɓa hawa sama ba sai da tsintsiya a hannu.

"Ƙarfe nawa kika bar gidan jiya?"

"Ƙarfe huɗu, Sahib."

"Maƙwabciyarku ta ce ta gan ki a layinku tun biyu saura."

Ba wata maƙwabciya da ta ce haka. Amma Kausar ta sunkuyar da kai, ta fara murza gefen mayafinta. Can ta ce ƙarfe ɗaya ta tafi. Masta ne ya sallame ta, ya ce ta je ta huta, abin da bai taɓa yi ba. Ta ɓoye ne don kada Taimur ya yi wa tsohon faɗa a gaban mutane, ya saba.

"Kin kwana a bayan kanta don kada a yi wa wani faɗa?"

"Tun ranar Litinin bai ci abinci ba, Sahib. In zuba masa, in kwashe yadda na ajiye. Ya hau saman soro wurin tantabarunsa ya zauna. Ban san abin da ke damunsa ba."

Sufeto ya sa aka rubuta jawabinta, ya ce ta tafi gida. Kofur Boota ya tuna masa mai ƙara zai yi ƙorafi. Sufeto ya ce, to ya yi.

Ofishin tikitin yana hawa na biyu a wata kasuwar zamani a unguwar Gulberg. Wadda ta yi wa Taimur aikin sunanta Uzma. Ta duba kwamfuta ta juyo masa da fuskarta. Mutum uku, Lahore zuwa Malesiya, kwana goma a otal. Daga nan Toronto.

"Dawowa fa?"

"Babu dawowa. Takardun zama suka samu a Kanada, bizar tana manne a fasfo ɗinsu. Madam ta ce a sa musu hutun a tsakiya, don yarinyar ta saba da jirgi, su ma su sarara kafin sanyin can."

"Ban da su, wani ya zo a kan tafiyar nan?"

Uzma ta cire hannunta daga kan kwamfutar. Ta ce ranar Litinin wani dattijo ya hau benen nan da yarinya a kafaɗa, yana haki. Ya ce shi ne mahaifin Taimur. Ɗansa ba ya samun sukunin yi masa bayani, shi ya sa ya zo da kansa ya ji ranar dawowa da lokacin saukar jirgi, yana so ya ɗauki mota ya je tarbarsu.

"Na ɗauka ya sani, wallahi. Na ce masa, Baba ji, ai ba dawowa a tikitin. Ya sa na maimaita. Sai ya yi mini godiya, ya ɗauki yarinyar ya sauka."

Ƙarfe uku da rabi sufeto ya koma Samanabad tare da Kofur Boota. Ya tarar da Taimur a falo yana waya da ofishin fasfo, Mehwish tana lallaɓa Zimal ta yi barci. Ya ce zai duba soro. Ya hau shi kaɗai.

Masta Ilyas yana zaune a kan gadon igiya kusa da akurkin tantabaru. A gefen tankin ruwa akwai kaskon gawayi, a watan da ba mai jin ɗumi. Sufeto ya tsuguna ya tona tokar da biro. Ya zaro wani ɗan guntun kwali kore, gefensa ɗaya a ƙone, ɗayan a yanke santal.

"Wannan yankan tela ne, Baba ji."

Tsohon ya kalli guntun. Ya matsa gefe ya ba shi wuri a kan gadon.

Bai yi gardama ba. Ya ce da ya dawo daga ofishin tikiti ya jira ɗansa ya gaya masa. Daren Litinin suka zauna cin abinci tare, Taimur yana ta ba shi labarin tsarabar da zai kawo masa daga Malesiya, yana tambayarsa lambar takalminsa. Safiyar Talata Mehwish ta ce masa ya riƙa shayar da furanni kafin su dawo. Da suka fita aiki ya sallami Kausar, ya kwantar da Zimal, ya ɗauki jakar ya hau nan da almakashinsa. Kwalin ya ƙi ci da wuri, ya sa hannu ya gyara, shi ne ƙunar. Tagar kuma ya fasa ta ne don a ce ɓarawon waje ne, kada zargi ya faɗa kan Kausar.

"Ya faɗa kanta. A bayan kanta ta kwana."

"Na sani. Ina tsaye aka tafi da ita." Ya shafa gemunsa. "Na buɗe baki, na kasa. Wannan ita ce ba zan iya kallon Allah da ita ba."

"Me ka yi tunanin zai faru? Za su sake yin wasu fasfon."

"Wata biyu, ko uku. Na ce ko wata uku ne na samu." Ya kalli tantabarun. "Tun tana da kwana arba'in suke ajiye mini ita su tafi aiki. A hannuna ta fara tafiya. Ba na hana su tafiya, Sufeto Sahib, ƙasar nan ba ta riƙe kowa. Amma a zaunar da ni a gaya mini. Ni ba kujera ba ce da za a lulluɓe da zane a rufe gida."

Suka sauko tare. Sufeto ya ajiye guntun kwalin a kan tebur a gaban Taimur, ya faɗi abin da ya gano, har da Toronto. Mehwish ta zauna.

Taimur ya juya ga mahaifinsa.

"Abbu, ka san shekara nawa na yi ina neman bizar nan? Biyar."

"Da yaushe za ka gaya mini?"

"Idan mun isa. Da na gaya maka a nan, kuka za ka yi, ka kira dangi, ka kwanta ciwo. Na san ka."

"Ka san ni," in ji tsohon.

Sufeto ya ja Taimur zuwa baranda. Ya ce masa magana ce ta cikin gida. Idan ya janye ƙarar, za a rubuta cewa an sasanta, kowa ya kwana a ɗakinsa. Mutum mai shekara saba'in da ɗaya ba ya buƙatar ganin cikin kotu.

Taimur ya cire gilashinsa ya goge da bakin riga. Ya ce ya riga ya yi tambaya. Idan ya janye, a takarda zai zama shi ne ya yi ƙarar ƙarya, ko kuma ya yi sakaci da fasfo ɗinsa, kuma ofishin jakadanci zai ja maganar wata da watanni. Wa'adin shigarsu Kanada saura sati bakwai. Amma idan rahoton ya nuna an sace, an kama wanda ya sata, ya amsa laifinsa, to za a yi musu da gaggawa.

"Mahaifinka ne."

"Beli za a ba shi. Zan turo lauya. Ka rubuta yadda abin ya faru, Sufeto Sahib, ban ce ka ƙara komai ba."

Ƙofar barandar a buɗe take. Masta Ilyas ya ji duka. Kafin su shigo ya riga ya sa takalminsa, ya ɗauki hularsa da ledar magungunansa. Ya tambayi Mehwish ko yarinyar ta yi barci. Ta gyaɗa kai ba tare da ta dube shi ba. Ya tsaya a ƙofar ɗakin da take kwance, bai shiga ba. Ya ce idan ta tashi a yanka mata tuffa sirara-sirara, ba ta iya tauna ɓawon.

Kofur Boota ya ciro ankwa. Sufeto ya harare shi, ya mayar.

Mata sun leƙo ta tagogi, masu shago sun fito bakin ƙofa. Rabin layin nan shi ya ɗinka musu kayan aure. Ya wuce a tsakaninsu kansa a ƙasa, ya shiga bayan mota, sufeto ya zauna kusa da shi.

Direba ya tayar da mota ke nan sai ga Taimur ya fito da gudu, ya ƙwanƙwasa gilashi ta gefen mahaifinsa. Tsohon ya ɗago da sauri. Da hannunsa mai ƙuna ya laluba ya sauke gilashin.

Taimur ya sunkuyo, ya duba ta saman kafaɗar uban.

"Sufeto Sahib, kwafin rahoton mai hatimi, yaushe zan zo in karɓa?"

Sufeto Gondal ya dube shi.

"Gobe, ƙarfe goma."

Masta Ilyas ya ɗaga gilashin a hankali har ya rufe. Motar ta ja.