Layar da Naziru Ya Ara Masa

Tun damina Na'Allah yake cikin 'yan bangar Kurfai, yana kai wa jandarmomin Filinge labarinsu a ɓoye. Naziru, abokinsa na ƙuruciya, shi ya tsaya masa aka karɓe shi, har ya kwance layar bindiga daga damtsensa ya ɗaura masa. Babban jandarman ya rantse wa Na'Allah cewa kamawa kawai za a yi. Ranar da suka zo, Naziru aka fara harbewa.

Bayan sadakar bakwai, Na'Allah na dawowa daga Baleyara da almuru, a kan moto, wato babur, fitila a kashe yadda 'yan banga ke tafiya, sai wani mai rawani ya tsai da shi kusa da Tabla. Mutumin ya hau baya, amma moton bai ko lotsa ba. Ga rani tsakiyarsa, ga ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika masa hanci.

"Malam, ina ka nufa?" in ji Na'Allah.

Sai ya ji yatsu masu sanyi sun shiga hannun rigarsa. Ba su yi lalube ba, kai tsaye suka sauka kan ƙullin layar, suka fara warware shi ta inda mai ƙulla shi kaɗai ya sani.

Murya ta zo dab da kunnensa, babu ɗumin numfashi tare da ita.

"Aro na ba ka, ɗan'uwa. Ai da ka maido min ita kafin ka kira su."