Ɗan Safa a Rumfar Pak Derahman

Da takalmi sau-ciki da safa fara fat ya shigo cikin yashi. Suhaila tana ganinsa daga rumfar abincin babanta ta danne dariya.

A ƙauyensu na gaɓar tekun Terengganu, a ƙasar Malesiya, duk baƙon da hutu ya kawo yana da suna. Turawa jatan lande ne, don rana na taɓa su sai su yi jajur. Mutanen Kuala Lumpur kuwa 'yan safa.

Wannan ɗan safar sunansa Izwan. Kwana huɗu a jere yana zuwa cin shinkafa da kifi, yana sharar hawaye saboda yaji, ya kuma ƙi sauya rumfa. Ya karɓi lambarta wai don ya riƙa yin oda.

Rana ta biyar ta rubuta wa mamanta da ke kicin: "Ɗan safa ya dawo. A rage barkono, kada kyawawan idanun nan su lalace."

Wayarsa ce ta yi ƙara, ashe shi ta tura wa saƙon. Suhaila ta ji kamar ta nutse cikin yashi.

"Ɗan safa ya gode," ya amsa. "A bar barkonon, Gimbiya. Ba don abinci nake zuwa ba."

Shi ke nan fa, soyayya ta kankama. Duk ƙarshen mako yana hanya, ita kuwa tun Alhamis take kasa zama wuri ɗaya.

Amma babanta, Pak Derahman, ya ce atafau.

"Na san irinsu. Teku na kwance suna nan, iskar Nuwamba na tasowa sai ka neme su ka rasa. Ba zan ba baƙon hutu 'yata ba."

"Baba, shi daban ne."

"To ya zo ya gan mu da damina."

Damina na kawo kai, Izwan ya kwaso aikinsa a kwamfuta ya kama ɗaki a ƙauyen. Masaukai suka rufe, teku ya haukace, wuta ta yi ta ɗaukewa. Ya taya jan jirage tudu har tafin hannunsa ya saɓule, kifi busasshe ya zama abincinsa safe da rana.

A mako na shida aka wayi gari babu motarsa. Jusoh mai jirgi, wanda ya daɗe da sa ido kan Suhaila, har rumfa ya zo yana washe baki.

"Ya gudu ko? Ai ya ma yi ƙoƙari."

Kwana biyu wayarsa a kashe. Suhaila ta sha kuka har ta gode Allah.

Rana ta uku saƙo ya shigo: "Gimbiya, ambaliya ce ta tsare mu a hanya. Fito ki gani."

Da gudu ta fita ba ko lema. Ga mota shaƙe da taɓo, ga iyayensa sun jiƙe sharkaf, mahaifiyarsa ta rungume tiren ganyen da ake kaiwa neman aure a al'adarsu a ƙirji don kada ruwa ya taɓa shi.

"Ka kashe ni da raina!" Suhaila ta ce wa Izwan, tana dariya tana kuka.

A cikin daminar aka ɗaura aure, ruwa na dukan kwanon masallaci har sai liman ya ɗaga murya. Yana cike takarda ya tambaya:

"Ango mutumin ina ne?"

Izwan ya buɗe baki, Pak Derahman ya riga shi.

"Rubuta nan garin. Namu ne."

Ya dafa kafaɗar Izwan. "Allah ya yi muku albarka, ya zaunar da ku lafiya."

Masallaci ya ɗauka da amin.