Yarinyar da Ta Ƙara wa Ciwo Gishiri

A garin Kocabamba akwai wata yarinya 'yar aji biyar mai son wasan kwaikwayo. Tun rasuwar babanta, mamarta ke aiki a makarantar koyon likita. Aikinta shi ne ta yi kamar marar lafiya, ɗalibai su duba ta don hannunsu ya faɗa.

Wata rana Mama ta dawo da albishir. Ana neman yarinya a jarrabawar ɗalibai, kuma an yarda a gwada ta. Yarinyar ta daka tsalle, saura kaɗan ta ɓarar da kunun masarar da ke hannunta.

Ranar Asabar suka shiga motar haya suka tafi. Dakta Zenobiya, mai kula da jarrabawar, ta koya mata abin da za ta yi. Cikinta ne ke ciwo ta gefen dama. Ta yi amai da safe. In an danna wurin an saki, sai ta yi ƙara.

"Iyakar ciwonki ke nan, 'yata," in ji Dakta. "Duk wanda ya shigo, abu ɗaya za ki nuna masa. Kada ki ƙara, kada ki rage."

Ɗalibar farko ta shigo, ta duba ta, ta gano ciwon. Tana fita, yarinyar ta ji tana cewa wannan ƙwarewa sai a talabijin. Nan take kanta ya kumbura.

Sai ga wani dogon ɗalibi mai suna Limbert, yana ta gumi. Yarinyar ta ce a ranta yanzu za a ga wasa. Ta yi ta tari. Ta dafe ƙirji. Ta ce kanta na juyawa. Har ɗingishi ta yi.

Limbert ya ruɗe. Ya saurari ƙirjinta, ya manta da cikin, ya ce ciwon huhu ne. Ƙararrawa ta kaɗa, ya fita jiki a sanyaye.

Dakta Zenobiya ta shigo ba fara'a. Ta ce jarrabawar Limbert ta ɓaci, kuma babu wata yarinyar da za ta maye gurbi. Sai dai ya jira har bayan hutu, abokansa su wuce shi.

"Ni fa so na yi wasan ya yi kyau," in ji yarinyar, murya ƙasa-ƙasa.

Mama ta ce, "Wasanki aka zo kallo, ko shi aka zo gwadawa? Da abin da kika nuna masa zai duba yaran mutane gobe."

Yarinyar ta fita ta sami Limbert zaune a matakala, ya haɗa kai da gwiwa. Ta ce masa laifinta ne, ya yi haƙuri. Ya dube ta, sai dariya ta kuɓuce masa.

"Ke 'yar ƙanwa, kin kusa kashe ni. Na zaci na gamu da cutar da ba ta cikin littafi."

Ta koma ta roƙi Dakta a sake gwada ta. Dakta ta yarda. Ta ba ta sabon ciwo, na kunne da zazzaɓi.

Limbert ya sake shigowa. Ana cikin dubawa, wasa ya fara cin yarinyar, kamar ta ɗan yi suma. Ta daure. Abin da ya tambaya kawai ta amsa. Ya haska kunnenta, ya faɗi ciwon daidai.

Ya ci jarrabawa. Don murna ya saya mata salteña mai zafi, wato gasasshen burodi mai nama da romo a ciki, a bakin ƙofa, romon na zuba a hannunta tana dariya.

A hanyar gida ta ce wa Mama ta gane. In an ba ka amanar aiki, ka yi shi yadda aka ce, ba don a yabe ka ba, domin akwai wanda ya dogara da kai.