Akwatin Mai Gado na Biyu

Da safiyar Talata Khadijat Hamza, mai harhaɗa magunguna, ta buɗe firjin ɗakin bincike domin ta ɗauko allurar Alhaji Abubakar, majiyyacin da ke gado na biyu, sai ta tarar da gurbin akwatinsa wayam. Kwaɗon firjin lafiya lau yake, babu alamar an taɓa shi. Mabuɗi kuwa ɗaya ne tak, kuma yana aljihun farar rigarta.

Asibitin mai zaman kansa ne, a Unguwar Sarki. Asalin ginin masaukin manyan ma'aikatan Gwamnatin Jihar Arewa ne. Bayan an raba Arewa zuwa jihohi a 1967 ya yi ta sauya hannu, har ya zama gidan jinya. Zauren da ake liyafa a cikinsa a da shi ne yanzu sashen kulawa ta musamman, inda ake kwantar da waɗanda numfashinsu ya rataya a kan na'ura.

Sufeto Inuwa Sanda ya iso kafin hantsi. Shugaban binciken, Farfesa Sharhabil, ya karɓe shi a tsaye.

"Wane irin magani ne, ranka ya daɗe?" in ji Sufeto.

"Sabo ne, gwada shi muke yi a kan waɗanda ƙwayoyin cuta suka shiga jininsu. Duk majiyyacin da danginsa suka amince, ana ba shi duk maganin da aka saba bayarwa, sannan a ƙara masa akwati guda na kwalabe. Rabin akwatunan sabon maganin ne, rabi ruwan gishiri ne kawai. Kwalaben iri ɗaya ne, ba suna, sai lamba."

"Kai ma ba ka san wanne ne wanne ba?"

"Ni ne ma ya fi kamata in jahilta. Likitan da ya san wa ke samun magani, idonsa zai riƙa nuna masa sauƙi ko da babu. Cibiyar binciken ce ke zaɓa, Khadijat ce ke zubawa. Su kaɗai suka sani."

"To, me zai same ta?"

Farfesa ya cire tabarau ya murza idonsa. "Hukumar asibiti za ta zauna bayan la'asar. Mabuɗi a hannunta yake. In ba a gano wanda ya ɗauki akwatin da inda ya kai shi ba, za a kore ta, a kai ƙararta a karɓe mata lasisi. Shekarunta na karatu sun tafi ke nan."

Sufeto ya nemi Farfesa ya buga wa cibiyar waya a ba da izinin bayyana abin da ke cikin akwatin, sannan ya shiga ɗakin binciken. Sauran akwatunan suna jere a firjin. A ƙasansu akwai magunguna masu tsada, da sunayensu a jiki, irin waɗanda kowane kemis zai karɓa da hannu biyu. Ba a taɓa ko ɗaya ba. Nan take ya cire ɓarawon waje da masu shara daga zargi. Mai neman abin sayarwa ba ya tsallake wannan ya ɗauki kwalbar da ba ta da suna.

Khadijat tana zaune a kusurwa, idanunta sun yi ja.

"Malama, mabuɗin nan ya taɓa barin jikinki?"

"Sai in zan yi alwala, yallaɓai. Nakan rataye rigar a ofishin Sista Rabi, can mata muke salla. Jiya ma haka na yi da azahar."

"Asalin maganin da kike zubawa, ina yake?"

Ta nuna masa wani ƙaramin firji na daban. Ya cika, babu abin da ya ragu.

"Me ke cikin akwatin da ya ɓace?"

"Ba ni da ikon faɗa."

"Ko da faɗin zai wanke ki?"

"Ko da zai wanke ni. Na yi alkawari, kuma in na fara buɗe baki don ceton kaina, wahalar mutanen da suka amince a gwada a kansu ta tashi a banza."

"Alhaji Abubakar ya rasa allurarsa ta yau. Ba ki tsoron abin da zai same shi?"

 "Allah ya ƙara masa lafiya," in ji ta, ta sunkuyar da kai. Sufeto ya lura cewa kowace tambaya ta tayar mata da hankali, ban da wannan.

Dokta Umaima, matashiyar likitar da ke duba marasa lafiyar binciken, ba ta da wuyar magana.

"Ni jiya da azahar ina cikin motar asibiti, mun je Kawo ɗauko mara lafiya. Tambayi direba, har yanzu yana mitar yadda na hana shi tsayawa sayen awara."

"Me ya sa za a zaɓi akwatin Alhaji daga cikin sauran?"

"Haba, yallaɓai! Mutumin da aka kawo ba a jin bugun jininsa, yanzu yana faɗa da mu a kan a kawo masa tuwo? Duk sashen nan an yanke hukunci cewa shi ke samun na gaske. Farfesa ya hana mu cewa haka, amma ba ya iya hana mu gani."

Direba ya tabbatar da maganarta, da ta awarar ma.

Sista Rabi, shugabar ma'aikatan jinya na sashen, dattijuwa ce da ta kusa ritaya. Ita ta ba Sufeto riga da takunkumi, ta zagaya da shi.

"Nan ba ma kiran mutum da lambar gado," ta faɗa masa. "Duk yarinyar da na ji ta ce 'gado na uku' sai ta maimaita. Wannan Malam Ɗanladi ne, malamin firamare. Wannan Alhaji Abubakar, mai neman tuwo. Wannan Husaina, haihuwa ce ta zo mata da matsala."

Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya, tana gyara wa wannan matashi, tana taɓa goshin wancan. Da suka kusa gadon ƙarshe sai ta ratse wajen famfo ta shiga wanke hannu. A gadon wani magidanci ne mai gemu, bututun na'ura a bakinsa.

"Wannan fa, Sista?"

"Yaron nan a hannun Hafiza yake," ta amsa, ba ta juyo ba. "Ita za ta yi maka bayani."

Hafiza, ma'aikaciyar jinyar da ke kula da shi, ta ce sunansa Rilwanu, kafinta ne daga Hayin Banki. Ƙusa ce ta soke shi, ciwon ya shiga jini. Ba ya cikin binciken, domin mahaifiyarsa ta ƙi amincewa. Jiya da safe an fara fid da rai, amma yau zazzaɓin ya sauka.

"Jiya da rana kin bar gefensa?"

"Sista ta ce in je in ci abinci, za ta riƙe mini. Na yi mamaki, don ba ta cika zuwa wannan kusurwar ba."

A barandar waje dangin marasa lafiya sun shimfiɗa tabarmi. Sufeto ya durƙusa ya gai da wata tsohuwa mai carbi, Goggo Harira.

"Goggo, an ce ke kika hana a sa Rilwanu a gwajin."

"Ni ce. Rilwanu ba ɓeran gwaji ba ne. Sun ce wai su kansu ba su san abin da ke cikin kwalbar ba. To, wanda bai sani ba, shi zai tsira wa ɗana allura?"

"Shi ne babba a 'ya'yanki?"

"Babba kuma auta. Ni Allah bai ba ni haihuwa ba. Tun daga yaye aka ɗora mini shi a cinya."

Suna cikin haka Sista Rabi ta fito za ta wuce. Ta rusuna har ƙasa ta gai da tsohuwar tana kiranta Yaya, ta tambayi gajiya, ta tambayi mutanen gida, ta miƙe. Ta bi sauran tabarmin tana cewa kowa, "Ya mai jiki?" Goggo Harira kaɗai ba ta yi wa wannan tambaya ba.

Bayan azahar Sufeto ya same ta a ofishinta, ya rufe ƙofa. Ga ƙugiyar da ake rataye riguna a bayan ƙofar.

"Hajiya, zan faɗa miki yadda na ga lamarin, ki gyara mini inda na kuskure. Wanda ya ɗauki akwatin ba kuɗi yake nema ba, domin ya bar abin da ke sayuwa. Ba Khadijat ba ce, domin asalin maganin yana hannunta, ba ta bukatar akwatin kowa. Mutum ne da ke ganin marasa lafiya kullum, ya ga Alhaji ya tashi, ya tabbatar wa kansa cewa maganin na gaske yana akwatinsa. Kuma yana da wanda yake so ya ba, wanda ba ya cikin gwajin. Irin wannan majiyyaci ɗaya ne a sashen."

Sufeto ya ci gaba.

"Kin kira sunan kowa, kin taɓa kowa. Magidanci mai gemu kuwa kin ce masa 'yaron nan', kin ba shi baya. Kin tambayi kowace tabarma mai jiki, ban da tabarmar yayarki. Ni ɗan fari ne, Hajiya. Mahaifiyata har ta koma ga Allah ba ta kira sunana ba, kuma in ina zazzaɓi maƙwabciya take aikowa ta duba ni. Na san wannan kunyar in na gan ta."

Sista Rabi ta dubi tafin hannunta. Da ta yi magana, muryarta a daidaice take.

"Ina 'yar shekara goma sha tara, ina makarantar jinya, na haife shi. Da na yaye shi aka ba Yaya. Da aka kawo shi nan ban faɗa wa kowa ba, don da an sani an ɗauke ni daga sashen. Ina tsaye Farfesa ya yi wa Yaya bayani, ina tsaye ta ce a'a. Me zan ce? In ce ɗana ne, a gabanta, ita da ta goya shi? Bakina bai taɓa yin wannan ba." Ta ɗago. "Na zuba masa a ƙarin ruwa. Ragowar kwalaben suna cikin jakata. Ku yi mini duk abin da doka ta ce. Zazzaɓin ya sauka, wannan ya ishe ni."

Aka ƙwanƙwasa ƙofa. Farfesa Sharhabil ne, waya a hannunsa. Ya dubi kwalaben da ta jera a kan tebur.

"Cibiya ta amsa," in ji shi. "Ruwan gishiri ne."

"Na yi zaton haka," in ji Sufeto. "Khadijat ba ta ji wa Alhaji tsoro ba."

Sista Rabi ta dafa tebur. "To, me ya tashi Alhaji? Me ya sauke wa yaron zazzaɓi?"

"Watakila magungunan da muka saba, watakila jinyarku, watakila kwanansu ne bai ƙare ba," in ji Farfesa. "Ban sani ba, Rabi. Don mu sani muka rufe wa kanmu ido. Da na gaske ne, da ba mu san abin da zai yi wa ƙodarsa ba, kuma da kin ba shi ba da yardar kowa ba."

Kiran sallar la'asar ya taso daga masallacin unguwa. Sufeto ya leƙa ya sa aka kira Khadijat. Ta shigo ta tsaya a bakin ƙofa, tana kallon kwalaben, tana kallon matar da take bar wa rigarta a ofis duk ranar da za ta yi alwala.

"Hukuma za ta zauna yanzu," in ji Sufeto. "Kwalaben nan sun nuna wanda ya ɗauka, amma ba su nuna inda sauran suka shiga ba. Muddin ba a san jikin da aka zuba wa ba, za a ce an fitar da su ne, kuma za a ce da haɗin bakin mai mabuɗi. Dole a ji daga bakinki, Hajiya, a gaban shaidu. Wa kika ba?"

"Ai ka san shi. Mai gadon ƙarshe."

"Ke kika ce nan ba a kiran mutum da gado."

Sista Rabi ta dubi Khadijat. Yarinyar ba ta roƙe ta ba, ba ta ma ɗago ido ba, hannunta kawai ke cikin aljihu yana damƙe da mabuɗin.  Dattijuwar ta gyara mayafinta. Sannan a hankali, kamar mai gwada kalmar baƙon harshe, ta ce:

"Rilwanu. Ɗana Rilwanu na ba. Khadijat ba ta san komai ba."

Farfesa ya buɗe ƙofa, ya matsa gefe. "Malama Khadijat," in ji shi, "marasa lafiya suna jiran allurarsu ta yau. Je ki buɗe firjinki."