Kukan Motar Maikano

Ranar kasuwar Dogon Dutsi ce, a shekarar 1953, Mani ya fara ganin Zalihatu. Yana zaune a rumfarsa ta bakin hanya yana kankare tsatsa daga wani ƙarfe, sai inuwa ta rufe masa hannu. Ya ɗaga kai. Budurwa ce doguwa, baƙa, da tsage a kumatunta, tana riƙe da fitilar ƙwai.

"Kai ne sojan da anka ce yana gyaran komi?"

"Komi, ban da halin mutum," in ji Mani.

Ta yi dariya ta miƙa masa fitilar. Mani bai daɗe da dawowa daga barikin soja na Yamai ba, inda ya yi shekara uku yana kwana yana tashi a ƙarƙashin motocin Faransawa. Lagwani ne kawai ya maƙale, amma ya yi ta juya fitilar don kada mai ita ta tafi da wuri.

Suna cikin haka wata tsohuwar motar soja ta wuce, fentinta ya koɗe, an lafta mata buhunan gyaɗa. Mani ya tsaya cak ya karkata kai. A ƙarƙashin rurin injin akwai wata ƙara daban, dum, dum, dum, kamar ana daka a turmin da aka shimfiɗa wa tsumma.

"Wagga mota ba ta ganin damina," ya ce.

"Kai, bakinka! Motar babana ce."

"Wane ne babanki?"

"Maikano, tsohon gardi."

Fitilar ta kusa suɓuce masa. Shekara goma sha biyu da suka wuce, lokacin aikin dole, Maikano yana gardi, wato dogarin kwamandan Bafaranshe, shi ne mai kamo mutane zuwa aikin hanya. Shi ya shigo gidansu ya tarar da mahaifin Mani, Ɗantani, kwance da zazzaɓi, ya tashe shi da bulala a gaban matarsa da ɗansa. Ɗantani bai dawo ba. Hularsa kaɗai aka aiko da ita, kuma ba wanda ya taɓa faɗa musu inda aka binne shi.

Da Mani ya koma gida ya ba mahaifiyarsa Inna Shatu labari. Ta ajiye mazarin da take kaɗi da shi.

"Auta, ka ji ciwon motar?"

"Na ji, Inna."

"To kame bakinka. Duk abin da ya tara da bulala, cikin wagga mota ya zuba shi. Bar ta ta mutu cikin daji, yadda ubanka ya mutu cikin daji. Ina son in ga Maikano yana yawo da ƙafa."

Mani ya yi mata alkawari. A ransa ma ya ƙara wani abu da bai faɗa mata ba: zai sa 'yar Maikano ta so shi, in ta so shi ya juya mata baya, gidan nan su ma su ɗanɗana jiran wanda ba zai zo ba.

Bai sha wahala ba. Kasuwa ta gaba Zalihatu ta dawo da fitilar, wai ta sake lalacewa. Lafiyarta ƙalau. Da ya ji ta yi lakwal, wato makarantar boko, shekara huɗu, sai ya naɗe 'yar takarda ya cusa a cikin ƙwan fitilar. Ya rubuta: "Zali, fitilarki ba ta da ciwo. Mai gyaran ne ba shi da lafiya tun ranar da kika zo."

Amsa ta zo ta wannan hanyar: "Sojana, in haka ne sai na riƙa zuwa dubiya kowace kasuwa. Amma ka riƙa wanke hannu kafin ka rubuta, takardarka duk baƙin mai."

Ya karanta ya yi dariya shi kaɗai, sannan ya ji haushin dariyar. Haka aka yi wata uku. Takan zauna a kan tsohuwar taya tana ba shi labarin 'yan gidansu, tana kwaikwayon muryar malaminsu na lakwal. Wata rana ya yanke a yatsa, ta yage gefen ɗankwalinta ta ɗaure masa tana faɗa kamar ita aka yanka. Ranar Mani ya gane dabararsa ta kama shi tun kafin ta kama ta. Duk da haka, in motar ta wuce ya ji dum ɗin nan ya ƙara ƙarfi, sai wani sanyin daɗi ya ratsa masa zuciya.

Mutanen gari kuwa sun fara magana. Direban motar, Tukur, wanda ya daɗe yana neman Zalihatu, ya ce aljana doguwa ce ta shiga injin a hanyar Lugu. Har baƙar kaza aka yanka a gaban taya, ƙara ba ta daina ba. Tukur ne kuma ya binciko ko ɗan waye Mani, ya kai wa Maikano, ya kai wa Zalihatu.

Zalihatu ta zo rumfar da tsakar rana, ba fitila a hannunta.

"Baba ya ce in ya sake ganina nan sai ya karya mini ƙafa. Ba wannan ya kawo ni ba. Tukur ya ce kai ɗan Ɗantani ne, kuma don ka ƙona ran Baba kake nemana. Gaskiya ne?"

Mani ya sunkuyar da kai. "Da farko haka ne."

"Da farko."

"Zali, tsaya ki ji."

"Mi zan ji? Ina da shekara shida lokacin. Ni na riƙe bulalar?" Hawaye ya zubo mata, ta share da ƙarfi. "Allah ya isa tsakanina da kai, Mani."

Kasuwa biyu suka wuce ba ta zo ba. Mani ya rame. A kasuwa ta uku ya ji mata suna hira cewa gobe motar Maikano za ta kai 'yan biki wani ƙauye can bayan Tibiri, mata da yara kusan talatin, har da matar Maikano da 'yarsa. Bazara ce, rana tana dafa ƙasa. Mani ya san hanyar: rairayi mai zurfi, rijiya da rijiya nisan wuni. Ya kuma san injin ba zai ɗauki wannan rairayin ba.

Ya faɗa wa Inna Shatu.

"Ni dukiyarsa nake so ta ƙone, ba 'ya'yan mutane ba," ta ce. "Amma in za ka taɓa wagga mota, kada ka taɓa ta a banza. Ka san abin da nake nema shekara goma sha biyu."

Washegari da hantsi mota ta cika da mata, ana guɗa, Tukur ya tayar da ita. Mani ya fito ya tsaya a tsakiyar hanya da dogon ƙarfe a hannunsa. Tukur ya yi ta danna oda, bai motsa ba. Maikano ya sauko, ƙato mai furfura, har yanzu yana tafiya kamar mai ɗauke da bindiga.

"Kauce, ɗan nan, ko in sa a taka ka."

"Ba doguwa ba ce cikin motarka," Mani ya ce da ƙarfi, yadda kowa zai ji. "In ta shiga rairayin Tibiri, injin zai fashe kafin azahar, da matanga a kai. Ni zan nuna maka ciwon, in gyara. Ladana ɗaya: ka kai uwata inda kunka binne Ɗantani."

Guɗa ta tsaya. Maikano ya dubi jama'a, ya dubi motar. "Ban san wani Ɗantani ba."

"Ka san shi. Ka tashe shi da bulala yana rawar sanyi. Ina tsaye."

Sai muryar Zalihatu ta fito daga saman mota. "Baba, ni na sauka. Ban shiga wagga mota sai an buɗe ta." Ta diro. Uwarta ta bi ta, sauran matan ma suka fara sauka da ƙullin kayansu.

Maikano ya juyo wurin Mani. "Nuna mini tukuna. In ƙarya kake, yau kana kwana gidan kaso."

Mani ya ɗaga murfin injin ya ce a bar shi yana aiki. Ya ɗora bakin ƙarfen nan a jikin injin, ya manna ɗaya bakin a kunnensa, yana matsawa kaɗan kaɗan. A sama ba komai sai ƙaramin ƙas-ƙas na tsufa. Da ya sauko ƙasa, dum ɗin ya doke shi har haƙori. Sai ya shiga cire wayoyin buji, masu kai wuta cikin injin, ɗaya bayan ɗaya. Ya cire ta farko, ƙara tana nan. Ta biyu, tana nan. Ya cire ta uku, sai ta ɗauke ɗif. Ya mayar, ta dawo.

"Kun ji?" ya ce. "Doguwa ba ta tsoron waya. Ciwon yana hannun fisto na uku, ƙarfen da ke hawa da sauka cikin injin."

Abu ɗaya ne ya ɗaure masa kai tun ranar farko. In ƙarfe ya cinye, ƙararsa takan fito da kaifi, wannan kuwa a toshe take. Ya sa aka kashe motar, ya kwanta a ƙarƙashi, ya dubi Maikano.

"Riƙe mini kwano. Kai da kanka."

Tsohon gardi ya tattare babbar rigarsa, ya durƙusa a ƙasa mai zafi a gaban dukan kasuwa, ya tara kwano, baƙin mai yana fallatsar masa a gemu. Mani bai yi sauri ba. Ya kwance kowane noti a hankali, yana jin numfashin mutumin kusa da kunnensa, kuma bai ji tausayinsa ko kaɗan ba.

Man yana ƙauri kamar an babbaka kan rago. Da ya sauke tukunyar man ya kwance hannun fisto na uku, sai ga abin ya faɗo masa a tafin hannu. A wurin da ya kamata a ga siririn ƙarfe mai santsi, wata baƙar fata ce, ta ƙone ta murƙushe, har da ramin ɗinki a gefenta.

Ya fito ya ɗaga ta sama. "Maɗaurin takalmi ne. Wani ya ja motar ba mai har ƙarfen ya narke, sai ya cusa fata don ta yi shiru. Wa ke kwance wagga mota ban da direbanta?"

Tukur ya fara rantsuwa, sai harshensa ya harɗe. A ƙarshe ya ce a hanyar Doso ne, ya manta bai duba mai ba, ya ji tsoron maigida. Maikano ya ɗaga hannu zai mare shi, Mani ya riƙe hannun.

"Ka daki mutane ya isa haka. Sallame shi kawai. Saura alkawarina."

Kwana uku bayan haka, da mota ta tashi lafiya, suka fita da safe: Mani yana tuƙi, Inna Shatu a gefensa, Maikano da liman a baya, Zalihatu ma ta ce sai ta je. A wani kwari Maikano ya buga rufin mota. Ya sauka ya yi ta dube-dube, sannan ya nufi wata tsohuwar bishiyar gawo.

"Nan ne. Su huɗu ne. Shi ne na gabas." Ya nuna wurin da hannu. "Kwana biyu ya yi. Ya roƙi ruwa, na ce sai an tashi aiki."

Inna Shatu ba ta yi kuka ba. Ta zauna a ƙasa ta dafa wurin da tafin hannu. Sannan ta ce, "Ɗauko duwatsu ka kewaye su. Duka huɗun."

Maikano ya yi ta jidar duwatsu a kansa har rana ta take. Ba wanda ya taya shi sai 'yarsa, da ta ga ya jigata. Mani ya tsaya yana kallo, har Zalihatu ta wuce ta gabansa da dutse a ka, gumi yana zuba. Nan ya kasa daurewa. Ya sauke mata dutsen ya ɗora a kafaɗarsa.

"Zali, na yi miki laifi. Ba ni da abin da zan kare kaina."

"Ba ka da shi," ta ce. "Amma ka tsaya gaban mota domina. Sojana, kada ka sake yi mini ƙarya, ko ta wasa."

"Har in mutu."

Maikano bai hana ba da aka je neman aure. Kansa a ƙasa ya ce ya ba Mani. Inna Shatu ce ta yi wata biyu tana cewa jinin gardi ba zai shiga ɗakinta ba. Zalihatu ba ta yi fushi ba. Kullum da safe sai tsohuwa ta tarar da tulunta cike a ƙofar gida, har ran nan ta leƙo ta ce, "Ke, shigo ki sha fura, rana ta yi."

Bayan kaka aka ɗaura aure. Da la'asar aka kawo amarya da guɗa da kalangu, aka zaunar da ita a gaban uwar miji. Inna Shatu ta ɗaga mayafin ta dube ta da kyau.

"Ɗiyata, kada wani ya ruɗe ki, ban yafe ma ubanki ba. Wannan tsakaninsa da Allah ne da mutanen da ke ƙarƙashin gawo. Amma ke tawa ce daga yau." Ta kamo hannun Mani ta ɗora a kan na Zalihatu. "Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku zuri'a mai albarka. Allah ya sa kada ɗayanku ya taɓa zaman jiran ɗaya."

Mata suka amsa da amin, guɗa ta tashi har bakin kasuwa.